Yadda Ake Auna Ra'ayin Masu Zaɓen Shugaban Ƙasa a Birnin Kano

Duk kakar zaɓe sai alƙaluma su cika WhatsApp da Facebook: wane yana da kashi 60, wane ya sha ƙasa tun ba a je ko'ina ba. Mafi yawansu ba su da tushe. Ko dai wani shafi ne ya tambayi mabiyansa, ko wani shirin rediyo ne ya buɗe layi, masu kati a waya da zafin siyasa suka yi ta kira. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta gaskiya tana da ƙa'ida, kuma babbar ƙa'idarta ita ce mutum ba ya kawo kansa, mai tambaya kuma ba ya zaɓar wanda ya kwanta masa a rai. Tsari ne yake canko mutum, ta yadda Alhajin da ke zaune a Nasarawa GRA da matar da ke cikin lungu a Dala, wadda ba ta fita sai da dalili, kowannensu yana da damar faɗowa ciki.

Yawan mutane ba ya maganin rashin wannan tsari. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun tambaya kimanin miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta samo sunaye ne daga kundin lambobin tarho da rajistar motoci da masu sayenta, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka damu su mayar da amsa sun fi karkata ga Landon. George Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a, da mutanen da ba su kai kusa da wannan adadi ba, ya gano wanda zai ci. Mai sayen masara a Dawanau ba ya zazzage buhu duka, amma kuma ba ya yarda da abin da aka ɗora a baki. Sai ya soka ƙarfe a sama da tsakiya da ƙasa.

Su wa za ku tambaya

Ku fara yanke wannan a rubuce kafin ku kashe ko sisi. Idan kun ce birnin Kano, yawanci ana nufin ƙananan hukumomi takwas: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Jihar tana da 44, don haka abin da kuka samo a takwas ɗin nan ba ra'ayin jihar Kano ba ne, balle na Najeriya. Mutumin Doguwa ko Kunci bai shiga lissafinku ba, kada ku yi magana da yawunsa.

Sannan ba duk mazaunin birni ne mai zaɓe a birni ba. Akwai ɗan kasuwar da shagonsa yake Kantin Kwari amma katinsa na Jigawa ne ko Katsina, akwai wanda ya tashi daga Gwale ya gina gida a Kumbotso amma har yau akwatinsa na tsohuwar unguwa ne. Mutanen da kuke nema su ne 'yan shekara 18 zuwa sama, masu katin zaɓe na dindindin, waɗanda rajistarsu take cikin yankin da kuka shata.

Don sanin yawan mutane a kowane yanki, mun fi ba da shawarar rajistar INEC a kan alƙaluman ƙidaya. Ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, kuma unguwanni da dama a Kumbotso da Ungogo gonaki ne a lokacin. A zaɓen 2023 jihar Kano tana da masu rajista 5,921,370, a mazaɓu 484 da rumfunan zaɓe 11,222, kuma kowace rumfa tana da sunanta da lambarta da adadin masu rajistarta. Rajistar ma tana da nata ciwon, domin akwai mamata da waɗanda suka ƙaura a ciki, amma ita ce jeri mafi kusa da abin da kuke aunawa.

Mutum nawa

Idan an canko mutane ɗaiɗai ba son rai, mutum 400 suna ba da tazarar kuskure, wato iyakar yadda sakamako kan iya kauce wa ainihin ra'ayin jama'a, ta maki 5 sama ko ƙasa, 600 maki 4, 1,067 maki 3, 2,400 maki 2. Ku lura, don rage tazarar da rabi sai an ninka mutane sau huɗu, shi ya sa ba a cika wuce dubu biyu da 'yan kai ba. Girman gari kuma bai canza lissafin: mutum 1,200 da suka isa a auna birnin Kano su ne za su isa a auna Najeriya baki ɗaya, muddin sakamakon jimilla kawai ake nema, ba na kowane yanki daban ba.

Amma akwai abin da masu rahoto da yawa ke ɓoyewa. A aikin gida-gida ba a canko mutane ɗaiɗai. Ana canko unguwa ne a tambayi mutum goma a cikinta, kuma maƙwabta sukan yi kama da juna a siyasa. Masallacinsu ɗaya, majalisarsu ɗaya, kansilan da ya gyara musu kwata ko ya ƙi gyarawa ɗaya. Saboda haka mutum 1,200 da aka tambaya goma-goma a wurare 120 ƙarfinsu kan iya komawa kamar na mutum 600 zuwa 700, tazarar ta tashi daga 3 zuwa kusan 4. Gara rumfuna 120 da mutum goma-goma da rumfuna 40 da mutum talatin-talatin, ko da kuɗin mota ya ƙaru. Afrobarometer, wadda take irin wannan aiki a Afirka tun 1999, mutum takwas take tambaya a kowane yanki da ta canko.

Idan na ƙasa baki ɗaya kuke nufi, ku tuna sashe na 134 na kundin tsarin mulki: bayan rinjayen ƙuri'u, ana bukatar kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Mutum 1,200 idan aka raba su ga jihohi 36 da Abuja kowace za ta tashi da kimanin 32, tazararsu ta haura maki 17. Da wannan ba wanda zai iya cewa wane zai samu kashi 25 a jiha kaza.

Canko rumfuna

Ku jera duk rumfunan ƙananan hukumomi takwas a Excel, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, mazaɓa bayan mazaɓa. A gefen kowace rumfa ku sa adadin masu rajistarta, a layi na gaba ku riƙa tara jimilla tana hauhawa har ƙasa. A ce, don misali kawai, jimillar ta zo 2,400,000. Ku raba da 120, kun sami 20,000. Ku sa kwamfuta ta canko lamba ɗaya tsakanin 1 da 20,000. A ce ta ba da 7,350. Rumfar da mai zaɓe na 7,350 ya faɗo cikinta ita ce ta farko. Ta biyu ita ce ta 27,350, ta uku 47,350, haka har 120. Amfanin wannan hanya biyu ne: rumfa mai mutane da yawa ta fi ƙarama damar shigowa daidai girmanta, kuma kowace ƙaramar hukuma za ta sami rabonta ba tare da wani ya sa hannu ba.

Da zarar jerin ya fito, an rufe. Za a ce muku wuri kaza ya yi nisa, wuri kaza 'yan daba sun yi yawa, a musanya da na bakin titi. Kowace musanya tana tura samfurinku, wato mutanen da kuka canko don tambaya, wajen masu hali da masu boko. Idan tsaro ya tilasta, kwamfuta ce za ta sake canko wata rumfar a cikin mazaɓar, kuma a rubuta dalili.

Daga rumfa zuwa ƙofar gida

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, kuma nan ne Kano take da nata hali.

Kwana ɗaya ko biyu kafin shiga unguwa, shugaban tawaga ya je wurin mai unguwa da takardar gabatarwa. Maganar ba ta da tsawo: "Ranka ya daɗe, mun zo jin ra'ayin jama'a ne a kan al'amuran ƙasa da zaɓe. Ba gwamnati ce ta aiko mu ba, ba kuma jam'iyya ba. Ba ma rubuta sunan kowa, ba ma raba komai." Sau da yawa zai haɗa ku da yaro ya nuna muku hanya. Ku karɓa da godiya, amma ɗan rakiya iyakarsa bakin lungu. Ba ya zaɓar muku gida, ba ya zama a wurin hira. Da ya ce "ku shiga gidan Malam wane, shi ya san siyasa," ku ba shi haƙuri ku bi ƙirgenku.

Ƙirgen shi ne: a tsaya a inda ake ajiye akwati ranar zaɓe, ko makarantar firamare ce ko ƙofar gidan wani. Ma'aikata huɗu su kama fuska huɗu. Kowa ya ƙirga ƙofofi dama da hagu, ya tsaya a ta biyar, daga nan kuma duk ta goma. A cikin ganuwa, inda lungu ke karyewa ya haifi wani lungun, a tsayar da doka ɗaya, misali kullum a bi dama a mararraba, kowa ya bi ta. Idan ƙofar ta gidan yawa ce ko gidan haya mai ɗakuna goma, kowane iyali da ke cin tukunya ɗaya gida guda ne. A ƙirga su, manhajar da ke cikin wayar ma'aikaci ta canko ɗaya.

A cikin gidan ma ba wanda ya amsa sallama ake tambaya ba. Wanda ya fi amsa sallama da rana dattijo ne mai zama a zaure ko saurayin da ba ya aiki, kuma idan kuka biye wa haka za ku dawo da ra'ayin zaure kawai. Ana karɓa-karɓa ne: gidan farko mace, na biyu namiji. A gidan da ya faɗo na mace, a jera duk mata 'yan 18 zuwa sama da ke kwana a gidan, uwargida, amarya, 'yar gida, kaka, a sa musu lamba, manhaja ta canko. A ƙasashen Turai sukan ce a ba su wanda ranar haihuwarsa ta fi kusa. A nan wannan ba ya aiki, mutane da yawa ba sa riƙe ranar.

Mace ce take tambayar mace, ba don al'ada kaɗai ba. Namiji ba ya wuce zaure, kuma idan aka kira matar ta zo zaure, gaban maigida za ta amsa, abin da za ku rubuta kuma ra'ayinsa ne sau biyu. Ma'aikaciya za ta nemi izini a wurinsa: "Baba, sannu da hutawa. Hirar mata ce, da Hajiya za mu ɗan zauna daga ciki, ba za ta wuce minti ashirin ba." A ciki kuma ta nemi gefe, nesa da kishiya da manyan 'ya'ya. Idan ba a sami keɓewa ba, akwai gurbi a fom da za ta nuna cewa wani yana wurin, don a duba daga baya ko amsoshin irin waɗannan sun bambanta.

Idan wanda aka canko ba ya nan, ba a ɗaukar ƙaninsa. A tambayi lokacin da yake dawowa, a komo, aƙalla sau biyu a lokuta daban. 'Yan kasuwar Kwari da Singa da Sabon Gari da Kurmi, da direbobin adaidaita sahu, da safe suke fita sai yamma liƙis. Ana samunsu kafin ƙarfe takwas, ko bayan la'asar sosai, ko ranar Lahadi. Mata sun fi samun sukuni da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, kafin a ɗora girkin rana. Ranar Juma'a daga sha biyu zuwa uku a ajiye aiki. Bayan magariba kuma kada ma'aikaci ya riƙa yawo da waya a hannu a lungu, saboda masu ƙwace. Duk ƙofar da aka ƙwanƙwasa a rubuta yadda ta ƙare: an yi hira, ba kowa, an ƙi, ba mai kati. Daga wannan ne za ku san kashi nawa suka amsa.

Tawaga da kayan aiki

Don mutum 1,200 ma'aikata 24 sun isa, mata 12 maza 12, a tawaga shida, kowace da mai sa ido ɗaya. Mutum ɗaya kan yi hira shida zuwa takwas a yini idan hirar ba ta wuce minti 20 ba, don haka mako ɗaya ne da kwana biyu na komawa gidajen da ba a samu ba. Kada aikin ya wuce kwana goma. Ra'ayi yana motsi, sauya sheƙar mutum ɗaya babba kan iya canza unguwa guda. Tawagar da za ta shiga Sabon Gari da Nomansland ta ƙunshi masu jin Turanci da Pidgin, in da hali da Ibo da Yarbanci.

Horo kwana uku, sannan gwaji a kan mutum 30 zuwa 50 a unguwar da ba ta cikin jerin. Fom ɗin a ɗora shi a manhajojin tattara bayanai na waya irin su KoboToolbox ko ODK, waɗanda ke aiki ba intanet, suna kuma ajiye wurin da aka yi hira da lokacin farawa da gamawa. Kowa ya fita da abin cajin waya na tafi-da-gidanka.

Sutura ba ƙaramin abu ba ne a Kano. Jar hula magana ce. Haka hula ko mayafi ko atamfa mai alamar wani ɗan siyasa, har hoton da ke bayan waya da sitikar da ke jikin motar haya. Mai amsa yana karanta ku kafin ku buɗe baki.

Ku biya ma'aikata da yini, kada ku biya su da yawan fom. Wanda ake biya da fom shi ne yake zama wurin mai shayi ya cike goma daga kansa. Alamominsa a bayyane suke idan ana duba bayanai kowane dare: hirar minti 20 ta ƙare a minti shida, hira biyar duk a wuri ɗaya a taswira, ko ma'aikaci ɗaya da bai taɓa haɗuwa da wanda ya ƙi amsawa ba. Mai sa ido ya koma gida ɗaya cikin kowane goma ya tabbatar an zo, an kuma tambayi wanda aka canko. Wanda aka kama da ƙirƙira, duk aikinsa ake zubarwa a sake.

Tambayoyin

Ku rubuta su da Hausa tun farko, ko kuma idan daga Turanci aka fassaro, a ba wani daban ya mayar da su Turanci a ga ko ma'ana ta kauce. Kowane ma'aikaci ya karanta kalma-kalma; ba a yarda kowa ya yi nasa bayanin ba.

A fara da masu sauƙi: babbar matsalar da ke damun ƙasa, yadda rayuwar gidan take idan aka kwatanta da bara. Amma tambayar zaɓe ta zo kafin a zurfafa cikin tsadar abinci da man fetur da tsaro. Wanda aka shafe minti goma ana tuna masa farashin shinkafa ba zai amsa tambayar zaɓe yadda zai amsa ta da sanyin rai ba. Lafazin ya zama fili: "Da a ce yau ne zaɓen shugaban ƙasa, wa za ka zaɓa?" Ba "jagora", ba "mai girma", ba "wanda ya gaza". Manhaja ta riƙa juya jerin sunaye don kada mutum ɗaya ya riƙa zuwa farko kullum.

Abin da ya fi ba da amsa ta gaskiya shi ne kwaikwayon takardar ƙuri'a. A takardar zaɓen Najeriya alamar jam'iyya da harufanta ake gani, ba sunan ɗan takara ba. A 2023 mai son Kwankwaso sai ya nemo kwandon kayan marmari na NNPP, mai son Tinubu tsintsiya, mai son Atiku laima. Ku miƙa wa mai amsa wayar da alamomin a kai, ma'aikaci ya kau da kai, ya taɓa da kansa, shafin ya rufe. Wannan yana rage jin nauyi, yana kuma nuna muku ɗan takarar da ake so amma ba a san alamarsa ba, abin da kan ci masa ƙuri'u ranar zaɓe.

"Ban yanke shawara ba", "ba zan faɗa ba" da "ba zan yi zaɓe ba" amsoshi uku ne daban, kowacce da gurbinta. Wanda ya ce "sai abin da Allah ya zaɓa mana" ko "ƙuri'ata sirrina ce" sau da yawa ya riga ya yanke, bai dai yarda da ku ba. Mai cewa bai yanke ba a bi shi da tambaya ɗaya: "To wa ka fi karkata gare shi?" A ajiye wannan amsa daban. Binciken wayar tarho da kamfanin NOI Polls ya yi wa gidauniyar ANAP kafin zaɓen 2023 ya nuna Peter Obi a gaba, amma waɗanda ba su yanke ba da waɗanda suka ƙi faɗa sun kai kusan rabin waɗanda aka tambaya. Masu yaɗa labarin sun ɗauki layin farko suka bar wannan. Da aka ƙirga, Tinubu ya sami 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687.

A ƙarshen hira ku yi tambayar da Afrobarometer take yi: "Wa kake zaton ya aiko mu?" Idan da yawa suka ce gwamnati, ku yi hattara da ƙuri'un jam'iyya mai mulki da kuka samu. A unguwannin da aka saba zuwa rubuta sunaye don tallafi, wannan zato yana da ƙarfi, shi ya sa ake faɗa tun a ƙofa cewa ba abin da za a raba. Suna, lambar katin zaɓe, NIN, BVN, duk ba a karɓa. Lambar waya don tantancewa sai da yardar mutum, a ajiye ta nesa da amsoshinsa, a goge bayan an gama, kamar yadda dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanada.

Ta waya fa? Ta fi araha da sauri, amma a Kano tana zubar da mutanen da suka fi wahalar samu: matan da ba su da wayar kansu, tsofaffi, da duk wanda ya saba kashe kiran baƙuwar lamba don tsoron 'yan damfara. Mai layi uku kuma damarsa ta ninka ta mai layi ɗaya sau uku. Tana da amfani wajen sake kiran waɗanda kuka riga kuka tambaya a gida, idan sun yarda kuma ba a goge lambobinsu ba tukuna, don ganin ko sun sauya.

Daidaita ma'auni, da sanin wa zai fito

Komai kyawun aiki, samfurin ba zai fito daidai da jama'a ba. A ce a rajistar yankinku mata kashi 47 ne, amma a hannunku 40 suka zo. Sai a ba amsar kowace mace nauyin 47 a raba da 40, wato 1.18, kowane namiji kuma 53 a raba da 60, wato 0.88. Haka za a yi wa shekaru da ƙaramar hukuma. Ilimi ma a duba shi: a Amurka a 2016 binciken jihohi da dama bai daidaita ilimi ba, masu digiri suka yi yawa a ciki, aka raina ƙuri'un Donald Trump. A nan rukunin ilimi dole ya ƙunshi makarantar allo da Islamiyya, kada a jefa malamin tsangaya cikin "bai yi karatu ba". Idan kuka ga wani rukuni yana bukatar nauyin da ya haura uku, matsalar a fili take, a koma a ƙaro hira.

Mafi wuya shi ne sanin wanda zai fito. A bakin ƙofa kusan kowa zai ce in sha Allahu zai yi zaɓe. A zahiri fitowar masu zaɓe a ƙasa ta sauko daga kusan kashi 44 a 2015 zuwa kusan 35 a 2019, zuwa kusan 27 a 2023, shekarar da ƙarancin takardun naira ya hana mutane da yawa ko kuɗin mota. A Kano, cikin masu rajista kusan miliyan shida, Kwankwaso ya sami 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716, Obi 28,513. Wato kimanin mutum uku cikin goma ne suka fito. Bakwai ɗin da suka zauna a gida suna cikin samfurinku, kuma ra'ayinsu ba lallai ya zo ɗaya da na ukun ba.

Don haka tambaya ɗaya ba ta isa ba, sai an haɗa da dama: katin yana hannunsa yanzu, ko zai iya nuna shi ba tare da an rubuta komai ba? Ya san inda akwatinsa yake? Ya yi zaɓen shugaban ƙasa da ya wuce, da na gwamna? Akwatin tafiyar ƙafa ne ko sai an hau mota? Ga mace, takan fita zaɓe, kuma da wa? A ba kowace amsa maki, a jera mutane daga mai yawan maki zuwa mai kaɗan, sannan a fitar da sakamako biyu: idan kashi 30 na sama ne suka fito, da idan kashi 45 ne. Kamfanin Stears ya yi irin wannan kafin zaɓen 2023, ya ce idan an fito da yawa Obi ne, idan fitowar ta yi ƙasa Tinubu ne.

Amsar "wa ka zaɓa a zaɓen da ya wuce" tana da amfani wajen gwada samfuri da sakamakon INEC, amma kada ku dogara da ita kacokan. Mutane sukan tuna cewa sun zaɓi wanda ya ci, ko su nesanta kansu da wanda suka zaɓa idan ya ba su kunya.

Fitar da sakamako

Duk rahoton da za ku fitar ya faɗi wanda ya biya kuɗin aikin, ranakun da aka yi shi, wuraren da ya shafa, mutum nawa aka tambaya da nawa suka ƙi, gida-gida ne ko waya, lafazin tambayar kamar yadda aka karanta ta, da tazarar kuskure bayan an sa lissafin maƙwabtaka. Kason waɗanda ba su yanke ba da waɗanda suka ƙi faɗa ya fito a jadawali ɗaya da na 'yan takara, da girman rubutu ɗaya. Idan jam'iyya ce ko ɗan takara ya biya, a faɗa. Idan ya ce sai an cire wannan ko an gyara lamba, aikin nasa ne na cikin gida, kada ya fita da sunanku.

Tazarar tana kan kowane ɗan takara ne, don haka ratar da ke tsakanin biyu tana bukatar kusan ninki biyu kafin a kira ta rinjaye. Idan wane yana da 42, wane 38, tazara kuma 4, kanun labarin shi ne sun yi kankankan. Haka nan idan kuka tsaga samfurin: mutum 150 na ƙaramar hukuma ɗaya tazararsu ta kai maki 8 ko fiye, ba a gina labari a kansu. Kuma ku rubuta ranar da aka gama tambaya a sarari. A 1948 masu bincike a Amurka sun daina tambaya makonni kafin zaɓe suna ganin Thomas Dewey ya gama ci, Harry Truman ya wuce shi a ƙarshe.

Bayan zaɓe, ku sauko da takardun sakamako na EC8A na rumfunanku 120 daga shafin IReV na INEC, waɗanda aka ɗora kuma suke karantuwa. Ku tara su ku gwada da sakamakon ƙananan hukumomi takwas baki ɗaya: idan sun yi kusa, cankon rumfunanku ya yi kyau. Sannan ku gwada su da abin da mutanenku suka faɗa muku. Idan a nan ratar take, ku duba ta ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma da ma'aikaci bayan ma'aikaci, ku ga ko daga zaɓen gidaje ta fito, ko daga waɗanda suka ƙi faɗa, ko daga hasashenku na waɗanda za su fito.